Kujerun Malam Nagoda

A Tudun Wada da wuya ka sami wanda bai taɓa jingina bayansa da sunan Malam Nagoda ba. Sana'arsa hayar kujeru da rumfa da lasifika, kuma tun da ya fara, duk kujerar da ta shigo hannunsa sai ya rubuta mata suna a baya da jan fenti: NAGODA T/WADA. Ba ado ba ne. In ana babban biki kujerun mutane daban-daban ake haɗawa, in an tashi kowa ya tsinci nasa, wanda bai sa suna ba shi ke komawa gida da masu karyayyar ƙafa. Duk 'yan sana'ar haka suke yi. Sai dai su, kujerunsu sunan yake dawo musu da su, shi kuwa baƙi yake kawo masa.

Baƙin farko sun zo a zamanin soja, yana ango, lallen matarsa Ishatu bai gama fita ba. Wasu malaman makaranta da ɗalibai ne suka ɗauki kujerunsa, na ƙarfe a lokacin, suka yi taro a wani fili kan albashi da kuɗin makaranta. Aka tarwatsa su da barkonon tsohuwa. Kowa ya yi ta kansa, kujeru suka tsaya inda suke da suna a baya. Washegari yana zaune da kofin koko a ƙofar shago wata mota marar lamba ta tsaya, aka tambaye shi ko shi ne Nagoda. Ya miƙe da fara'a, a zatonsa masu biki ne.

A inda aka kai shi an tambaye shi su wane ne shugabannin taron, wa ke aiko musu da taimako daga waje, me aka ce ta lasifikarsa. Abin da ya sani kawai, wani dogo mai tabarau ne ya zo ya yi ciniki kamar zai sayi gida. Ya faɗa, aka mare shi, ya sake faɗa. Da aka sako shi dawar da ya bari ana shukawa ta fid da kai, ƙafarsa ta hagu kuma ta koyi wata tafiya da har yau ba ta daina ba.

Abin da bai zata ba shi ne tarbar da aka yi masa. Mutumin da a da ake kira a ce ya zo ya kwashe kayansa, sai ga dattawa suna tashi su ba shi hannu. Labari ya riga shi isowa unguwa, wai an yi masa duk abin da za a yi amma ya ƙi faɗin sunan kowa. Ba ƙarya aka yi ba, bai faɗi sunan kowa ba. Cewa bai san sunan kowa ba, wannan ɓangaren ya bari a cikinsa, kuma da shekaru suka ja shi kansa ya daina leƙa wurin.

Mulki ya yi ta sauya kaya, daga kaki zuwa babbar riga, sunan da ake kiran waɗanda ake nema shi ma yana sauyawa. Yau 'yan gurguzu, gobe masu tsattsauran ra'ayi, jibi masu yi wa ƙasa zagon ƙasa. Nagoda bai taɓa zama ko ɗaya daga ciki ba, amma ya ɗanɗana ɗaurin kowanne. An taɓa kwashe shi bayan wani wa'azi da hukuma ta ce ba ta yarda da shi ba, aka zuba shi ɗaki guda da masu gemu. Su suna ganinsa babu gemu suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne, suka daina magana in ya matso. Masu tsaron kuwa sun ƙudura cewa shi ne ma'ajin ƙungiya. A tsakanin nan ya yi zamansa, babu mai miƙa masa buta.

Ishatu ta sha yi masa magana. Ta ce ya kankare sunan, ya riƙa sa 'yar alama a ƙarƙashin kujera inda shi kaɗai zai gane. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Sunana ba na sata ba ne da zan ɓoye shi." Maganar ta yi daɗi a baki, har matasa suna maimaita ta a majalisa. Ishatu ce kaɗai ta san yadda yake gyara zama in baƙo ya tambayi ko shi ne wanda aka yi ta kamawa, da yadda yake ƙara ɗingishin in zai wuce gaban jama'a. Ba ta taɓa faɗa masa ba. Mutum bai haihu ba, bai gina gida ba, bai je Makka ba, in ka ƙwace masa wannan me ka bar masa?

Kamun ƙarshe ne ya karya shi. Ya dawo da ciwon suga da wani gyambo a ƙafa da ya ƙi rufewa. Likita ya gaya masa a gaban Ishatu cewa in ya sake yin nisa da maganinsa, ko na ɗan lokaci ne, ba sai an dake shi ba. A hanyar gida ta ce, "Malam, ka ji dai. In suka sake ɗaukarka, a makara za su dawo mini da kai." Bai yi mata musu ba, abin da bai saba ba. Tun daga nan ya sayar da lasifikar, ya koma biki da suna kawai, in ya ji ƙamshin taro ya ce kujeru sun fita.

Abu guda ne ba ya iya cewa sun fita. In aka yi rasuwa a layin, ba a aika wa Nagoda. Kafin a gama wanka rumfarsa ta tsaya a ƙofar gidan, kujeru sun jeru, kuma ba a maganar biya. An saba da haka har ta kai in mutane suka hango rumfar ce suke tambayar wa ya rasu.

Wata Juma'a ce cikin damina, gari ya tashi a lumshe. Da sassafe kuka ya tashi a gidan Kulu mai awara, maƙwabciyarsu da mijinta ya daɗe da mutuwa. Ɗanta Sadiq ne, mai gyaran waya. An ɗauke shi bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, aka daɗe ba a san inda yake ba, sannan aka sako shi ƙashi da fata yana tari. Tarin ne ya ƙarasa shi a ɗakin uwarsa.

Ishatu ta dawo daga gidan da ido jawur, ta sami Nagoda zaune a bakin gado bai sa hula ba.

"An ce abokansa za su zo daga Kwangila da Tudun Jukun," ta ce. "Kuma akwai wasu mutum biyu a bencin mai shayi tun ɗazu. Ba 'yan layin nan ba ne, shayinsu ma ya huce ba su sha ba."

"Na gan su."

"To?"

"To me? Ɗan Kulu ne fa, Ishatu. A bayanki ya yi barci yana jariri."

"Ni ban ce kar ka kai ba. Ban kuma ce ka kai ba." Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. "Na gaji ne kawai, Malam. Na gaji da yawo da kwanon abinci ana ce mini ba a nan kake ba."

Suna cikin haka aka yi sallama. Mika'ilu tela ne, abokinsa tun ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya hutu ko a gidan mutuwa. Daga zaure ya ɗaga murya.

"Ina jarumin unguwa? Mutane sun fara taruwa a tsaye kamar masu jiran mota. Na ce musu ku kwantar da hankalinku, wanda soja bai tanƙwara ba, 'yan shan shayi ne za su hana shi fitowa?"

"Kai dai ba ka da aiki," in ji Nagoda. "Je ka, suna zuwa."

Da Mika'ilu ya tafi ya zauna yana kallon gyambonsa. Ya ji tsoro, irin wanda bai ji ba ko a karon farko, don a lokacin bai san abin da ke bayan ƙofar ba. Ya kuma ji ba zai iya jure a ce an yi rasuwa a layin babu rumfarsa ba. Tsakanin biyun nan dabara ta faɗo masa, kuma kamar yawancin dabarun da tsoro ke haifa, ta yi masa kama da hikima.

Ya bi ta lungun baya zuwa shagon Nnamdi mai kayan gini, wanda a Tudun Wada aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan gishiri.

"Baba, jan ya ƙare ne? Ka yi sababbin kujeru ba ka gaya mana mun zo walima ba?"

"Shuɗi nake so. Babban gwangwani."

Nnamdi ya dube shi, ya dubi hanyar gidan Kulu, ya sauko da gwangwanin bai ƙara wasa ba. Da zai miƙa masa ya ce, "Ni ma in an sauko daga masallaci zan leƙa. Yaron nan ya sha gyara mini waya."

A tsakar gida ya jera fararen kujerun roba ya fara shafe sunansa. Shekara da shekaru yana fenti, amma siraran haruffa ya saba ja, waɗanda kafin ka gama na ƙarshe na farko ya bushe. Bai taɓa shafe wani abu ba. Ya ja shuɗin, jan ya leƙo ta ƙasa. Ya ƙara, ya sake leƙowa. Ya yi ta laftawa gaba da baya, don a wasu kujerun har ta ciki ya rubuta, sai da kowace ta sami ƙatuwar ɗamara mai kauri. Ishatu tana tsaye da tsintsiya tana kallo. Abin da ta shekara tana roƙo ne ake yi a gabanta, amma ba ta ji daɗin da ta zata ba, sai ta shige ɗaki.

Rana ba ta fito ba. Da hantsi ya taɓa fentin da yatsa, bai kama ba, sama ya yi fata. Ya kira mai keke ya loda, ya ce ya kai ya sauke, in an tambaya ya ce wani bawan Allah ne ya aiko. Rumfar ma ya ce a juya ta, gefen da ke da suna ya koma jikin bango. Shi da ya saba tsayawa yana nuna inda za a kafa ƙarfe, yau bai taka ƙofar ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya hau acaɓa zuwa wani masallaci mai nisa, ya gaya wa kansa hudubar can ta fi gajarta, ƙafarsa ba ta son dogon zama. Bayan an idar ya zauna yana lazimi har ya tabbata an kai Sadiq an dawo.

Wajen la'asar ya shigo unguwa. Mutumin da ya fara gani wani Alhaji ne mai shagon hatsi, yana tafe cikin shadda fara ƙal, da shuɗin layi shimfiɗe a gadon bayansa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Nagoda ya kusa yin dariya. Sai ga wani, sai ga wasu biyu a kan babur, duk da layin. Ga Nnamdi yana wucewa da shi a bayan riga. Zafin jiki da gumi sun fasa fatar fentin, abin da ke ƙasa ɗanye ya bi tufafi.

Ranar mutane da yawa sun zo gaisuwar ne a sace. Ka zauna kaɗan, ka yi addu'a, ka tashi kamar hanya ce ta biyo da kai. Yanzu duk wanda ya zauna ya tashi da shaida a inda idonsa ba ya kaiwa, sai na bayansa ya gaya masa. Wani ma'aikacin gwamnati ya tuɓe rigarsa ya dunƙule a hammata, yana sauri cikin singileti.

Mika'ilu ya tare shi kafin ya kai rumfar. Ya juya masa baya tukuna, ya nuna da babban yatsa.

"Ka ga aikinka? Ɗinkin hannuna ce, jiya na gama ta."

"Wa ya ce maka nawa ne?"

"Haba, Nagoda! Kujerar da na karya wa hannu a bikin ƙanwata, ka ɗaure da waya, ita zan kasa ganewa? Yaran layin nan ma sun san kujerunka." Ya zagaya ya leƙa bayan Nagoda, ya dawo gabansa. Bai yi tsokanar da ya saba ba. "Ba ka je maƙabarta ba."

"Ƙafa ce."

"Ƙafa ce," in ji Mika'ilu, ya gyaɗa kai. "Allah ya ba da lafiya."

Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Nagoda ya wuce, amma hanyar rumfar dole ta bi gaban mai shayi. Mutanen nan biyu suna nan. Ya tuna maganinsa yana kan taga a gida. Ɗayan, matashi mai ƙaramin gemu da ba zai wuce jikansa ba da yana da jika, ya ɗan rusuna daga zaune.

"Baba Nagoda, barka da yamma. Sannu da hidima."

Ya tsaya. Ya tarar hannayensa sun haɗu a gaba da kansu, yadda suka koya tun da daɗewa.

"Kwantar da hankalinka, Baba, ba wurinka muka zo ba," in ji matashin, yana wasa da cokali a kofi. "Tun ina sabon shiga aka gaya mana, in kun ga kujerun Nagoda kar ku ɓata mai, haya kawai yake bayarwa, bai san komai ba. Da ma ba ka wahalar da kanka da fenti ba."

Ɗayan ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Bar shi, ai ya kyauta mana. Da sai mun riƙe fuska, yanzu baya kawai za mu duba." Ya kai ido kan wasu samari da ke fitowa daga rumfar, abokan Sadiq, kowanne da shuɗinsa.

Nagoda ya tsaya yana jiran ya ji sanyi a ransa. Ba za a ɗauke shi ba, yau ko gobe. Zai kwana a gadonsa, ya sha maganinsa a kan lokaci, Ishatu ba za ta yi yawo da kwano ba. Abin da ya fita nema tun safe ke nan, ga shi an miƙa masa a kyauta. Sai dai kalmar nan, bai san komai ba, ta tsaya masa a wuya. Ashe sun sani. Ashe waɗanda suka yi ta kwasarsa sun fi unguwa saninsa, kuma ko su sun daina ganin ya isa a ƙona masa mai.

Ya ƙarasa rumfar yana jan ƙafa, wannan karon ba ƙari a ciki. Ya yi wa dattawa gaisuwa a tsaye, aka amsa masa, wasu ba su ɗago ba. Ya so ya ja samarin gefe ya gaya musu abin da ya ji, ya duba bai gan su ba. Aka ce sun shiga lungu.

Lungun ta bayan gidansa ya bi. Yana zuwa ya ga ƙofar gidan a buɗe, wani saurayi yana fitowa cikin koriyar rigar da ya sani sarai, don tasa ce ta Sallar bara, hannun ya yi wa yaron gajere. Wani ya biyo shi cikin tsohuwar jamfarsa mai faci a aljihu. Suka gaishe shi da sauri suka ɓace ta hanyar kasuwa, bayansu babu komai.

A tsakar gida ya sami Ishatu a durƙushe gaban akwatinsa, ta juye shi kaf. Gefenta tulin riguna ne masu shuɗi, tana tura su cikin buhu. Matan da ke gidan makokin sun riga shi lura da inda idon masu shan shayin ke bi, ita kuwa ba ta tsaya neman izini ba.

"Kulu ta ce a yi maka godiya," ta ce, ba ta juyo ba. "Ta ce ko da ba suna ta san kai ne."

Ya zauna a kan turmi. Ya so ya gaya mata abin da matashin ya faɗa. Abin da ya iya fitarwa shi ne, "Sun ce ba ni suke nema ba."

Hannunta ya tsaya a bakin buhun. Ta sauke numfashi mai tsawo, ta ce alhamdulillahi, har cikin ranta. Ta tashi ta ɗauko masa maganinsa da ruwa a moɗa, ta tsaya a kansa sai da ya haɗiye.

Ya leƙa akwatin, babu komai sai hula da tsohon bargo.

"Duka kika bayar? To ni gobe me zan sa?"

Ta ɗaure bakin buhun, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wadda ke jikinka, Malam. Ai fes take."